Wanda ya ba da kwangilar ba ya zama a cikin ajin

Duk ginin da gwamnati ta yi da dukiyar jama'a, sau biyu muke biyan kuɗinsa. Biyan farko shi ne wanda ake shelantawa a rediyo: an ba da kwangila kaza a kan naira miliyan kaza, a tara maroƙa da 'yan jagaliya, a yanka kintinkiri, a yaye ƙyallen da ya rufe allon sunan mai girma gwamna. Biya na biyu kuwa babu mai shelarsa. Shi ne kuɗin wuta, da kuɗin dizal, da gyaran rufin da iskar farkon damina ta yaye, da ciwon kan yaron da ke zaune ƙarƙashin kwano da tsakar rana a watan Afrilu. Wannan biyan ba ya yankewa sai ranar da ginin ya kwanta. Amma ka duba tulin takardun da ake cikewa kafin a ba da kwangilar gini a ƙasar nan, da ƙyar ka samu layi ɗaya da aka yi maganarsa.

Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ko ɗan acaɓa ba ya sayen babur haka. Kafin ya gama ciniki sai ya tambayi shan mansa, ya tambayi ko kayan gyaransa suna samuwa a kasuwa, ya tambayi wata nawa zai yi kafin ya nemi ringi. Gwamnatin da ke da injiniyoyi da masu zanen gini da masu ƙididdigar kaya, duk a kan albashi, ita ce ba ta san a yi wannan tambaya ba? Ta sani sarai. Damuwa ce ba ta yi ba, don wanda ya sa hannu a kwangilar ba shi zai zauna a ginin ba, ba kuma ɗansa ba.

A watan Yunin 2007 marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar ba da kwangila ta tarayya, wadda ta kafa hukumar BPP, jihohi kuma suka bi sahu da nasu ofisoshin bin ƙa'ida. Dokar ta nemi a sayi abin da ya dace da aikin da za a yi da shi, wanda kuma ya cancanci kuɗin da aka kashe. Madalla. Amma idan aka zo zaɓen wanda za a ba aiki, ma'aunin da ake ɗorawa a kai shi ne wanda farashinsa ya fi ƙasa a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. To wa ke rubuta sharuɗɗan? Ma'aikata. Idan ma'aikata ba ta rubuta silin ba, ba ta rubuta baranda ba, ba ta faɗi kaurin kwano ba, ba ta ce ga inda ginin zai fuskanta ba, ɗan kwangilar da ya sa waɗannan a lissafinsa don tsoron Allah shi zai faɗi, wanda ya cire su shi zai ci. Mai gaskiya ya sha ƙasa tun kafin a buɗe ambulan. Wannan fa idan gasar ta gaske ce. Sau nawa ake buɗe ambulan bayan kowa a ofis ya riga ya san mai aikin?

Akwai wata ɓarakar a cikin kasafin kuɗi kansa. Kuɗin gini daga aljihun manyan ayyuka yake fitowa, kuɗin wuta da mai da gyara kuma daga aljihun gudanarwa na yau da kullum. Na farko yana hannun kwamishina da babban sakatare. Na biyu an bar wa hedimasta da shugaban asibiti da akawun ofis, kuma ɗan abin da ake sakar musu a wata ma ba kullum yake zuwa ba. Saboda haka mai gini babu ruwansa da abin da ginin zai ci, wanda zai ciyar da ginin kuma babu wanda ya tambaye shi ranar da ake zane. Ranar da aka miƙa masa makulli yake fara ganin abin da aka haɗa shi da shi.

Na shiga wani sabon aji a wata firamare da ba zan kira sunanta ba, ana cikin bazara, bayan an dawo daga tara. Fenti sabo, tambarin hukumar da ta ba da aikin yana ƙyalli a bango. Ka ɗaga kai sai ka ga kwano tsirara, siriri, har ana ganin hasken rana ta ramukan ƙusar da aka buga aka kuskure katako. Babu silin. Ginin ya miƙe ne yadda dogon bangonsa ɗaya yake shan ranar hantsi, ɗayan yake shan ta yamma, kawai don haka ya fi kyan gani daga titi. Tagogin ƙarfe ne, idan aka rufe su duhu, idan aka buɗe su iska mai zafi da ƙura. Daɓen ƙasa ya riga ya fara farfashewa a bakin ƙofa, ka sa yatsan ƙafa ka tono yashi. Yara sun fi ƙarfin bencinan, wasu a ƙasa, rigunansu sun jiƙe sun manne a baya, wasu sun kifa kai a kan gwiwa, wata yarinya tana fifita da littafinta. Malamin ya yi abin da duk mai hankali zai yi. Ya ce su ɗauki allo su fita gindin darbejiyar da ke bayan ajin, wadda ma Allah ne ya sa ɗan kwangila bai sare ta ba.

Wato an kashe miliyoyi an yi ɗakin da bishiya ta fi shi amfani. Wannan ajin kuma za a ƙirga shi a jawabin cika shekara, a ce an gina azuzuwa kaza. A Sakkwato da Maiduguri da Yola da Nguru zafi yakan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu da Mayu, kowace shekara, ba labari ba ne sabo. Duk da haka zanen aji guda ne ake kwafa daga fayil zuwa fayil, a aika shi Jos mai sanyi, a aika shi Gashuwa, kamar rana ɗaya ce ke dukansu. Hukumar UBEC tana karɓar kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya tun dokar 2004 don irin waɗannan ayyuka. Fiye da shekara ashirin ke nan, har yau ba mu kai ga matsayin da za a ce aji babu silin ba aji ba ne.

Wannan na talaka ke nan. Na manya kuma haukarsa daban ce. Je ka ga sababbin sakatariyoyi da ofisoshin hukumomi da gine-ginen majalisar gudanarwa na jami'o'i. Gilashi tun daga ƙasa har sama, mai shuɗi ko mai ruwan toka, a garin da rana ke narka kwalta. An ɗauko zanen da aka yi wa ƙasashen da ke roƙon rana ta shigo musu ɗaki, an dasa shi a inda ake gudunta. Tagogin ba sa buɗuwa, don haka babu zama a ciki sai da na'urar sanyaya ɗaki, na'urar kuma ba ta aiki sai da wuta, wutar kuma kowa ya san halinta.

Mu yi lissafin da ma'aikata ta ƙi yi. Na'urar sanyaya ɗaki matsakaiciya tana shan kusan yunit ɗaya na wuta a awa idan tana aiki ba hutu, kuma a akwatin gilashi ba ta samun hutu. Awa takwas, yunit takwas ke nan. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin yunit ga 'yan rukunin A daga kusan naira 68 zuwa naira 225, daga baya aka ɗan sassauta amma bai sauko ƙasa da 200 ba. Mu ɗauka 200 ne. Na'ura ɗaya naira 1,600 a rana. Ginin da ke da guda ɗari, naira 160,000 a rana, a kwanakin aiki 250 kuma naira miliyan 40 a shekara. Ba a sa fitila ba, ba a sa kwamfuta ba, ba a sa canjin na'urorin da za su mutu ba. Idan aka koma janareta abin ya fi muni, domin litar dizal ɗaya kusan yunit uku take bayarwa, lita kuma ta daɗe da wuce naira dubu. Ka ninka wannan sau shekara talatin ka gani ko ginin nan araha ne.

Ba hasashe nake yi ba, mun gani da idonmu. Bayan ƙarin kuɗin wutar nan jami'o'i da asibitocin koyarwa sun fito suna kuka da takardun ɗaruruwan miliyoyin naira a wata. Asibitin koyarwa na Ibadan ya shafe watanni a duhu daga ƙarshen 2024 saboda bashin wuta. A watan Oktoban shekarar kuma, da manyan layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka lalace, yawancin jihohinmu sun yi fiye da mako babu ko ƙyas. A kwanakin nan wane gini ne ya zaunu? Tsofaffin ofisoshin En'e da azuzuwan tsofaffin kwalejoji, masu kaurin bango da dogon rufi da baranda zagaye, an ci gaba da aiki a cikinsu da taga a buɗe. Akwatunan gilashi kuwa sai dai ma'aikata su fito gindin bishiya, su ma kamar yaran firamare. Fadar shugaban ƙasa kanta ta ji zafin takardar wuta, har aka ware mata naira biliyan 10 a kasafin 2025 don ta koma sola. Ita ta samu mafita. Asibitin ƙaramar hukumarku fa?

Wani zai ce jahilci ne ke sa a yi irin waɗannan gine-gine. Ni na ce kwaɗayi ne ya fi yawa. Inuwa ba ta da rasit. Juya gini ya ba wa rana ƙeya ba ya cin ko kwabo, shi ya sa ba mai sha'awarsa, domin abin da ba a saye ba babu yadda za a yi a ƙara masa kuɗi. Jar ƙasar da za a haƙo a bayan gari, kowa ya san kuɗin tifa ɗaya, ba ta ɓoyuwa. Amma gilashi da tayil na waje da rufin roba mai ado da na'urori ɗari da janareta mai ƙarfin kaza, nan ne kashe mu raba yake sakewa ya miƙe ƙafa. Bayan an gama kuma ga kwangilar kawo dizal duk wata, wadda ita kanta gona ce da ba ta fari. Ginin da ba ya shan mai ya toshe wa wani hanyar abinci, shi ya sa ba za ka gan shi a takarda ba.

Sai kuma cinikin kwangilar kanta. Ɗan siyasa ya karɓi takarda, bai taɓa riƙe cebur ba, ya sayar wa wani ya cire nasa. Wancan ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, wanda dokar 2007 ta tsayar a kashi 15 kafin a ɗaga shi zuwa 30, ya ba da na goro a ofis-ofis, sannan ya sayar wa na uku. Kafin kuɗin su iso hannun maginin da zai ɗora bulo sun rame sun ƙanjame. A ina za a cike gurbin? A jikin gini. Buhun simintin da bai kamata ya wuce bulo talatin ba sai a buga hamsin da shi, bulon da za ka murje da tafin hannu. Rodi mai kauri a takarda, siriri a cikin ginshiƙi. Katakon rufi ɗanye, babu maganin gara, ba a ɗaure shi da bango ba, shi ya sa duk farkon damina za ka ji iska ta kwashe rufin makarantu. Injiniyan da zai duba ya zo a motar ɗan kwangila, ya ci abincin ɗan kwangila, ya sa hannu. Ɗan kashi biyar ɗin da ake riƙewa na 'yan watanni don gyaran aibi, an riga an lissafa shi a cikin asara tun farko. A 2019 Shugaba Buhari da bakinsa ya ce an kashe kimanin naira tiriliyan ɗaya a ayyukan mazaɓu cikin shekara goma ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba. Ya faɗa, an tafa, an ci gaba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba sai mun je Turai neman amsa ba. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kere ya kammala wata firamare a 2001 da bulon ƙasar wurin, wanda aka matse aka sa masa ɗan siminti. Shi ma kwano ya rufa, amma ya ɗaga shi sama da silin na ƙasa, ya bar fili a tsakani iska tana ratsawa, ya kuma zarto da bakin rufin waje sosai don ya kare bango daga ruwa da rana. Iska mai zafi ta fice ta sama, mai sanyi ta shigo ta taga. Mutanen ƙauyen ne suka yi aikin da hannunsu, kuɗin lebura ya zauna a garin. Ginin ya ci kyautar Aga Khan a 2004, a 2022 kuma Kere ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fannin zanen gini. Makarantar tana nan tsaye yau fiye da shekara ashirin. Azuzuwa nawa na bulo da aka gina mana a 2001 suke nan ba a sake ba da kwangilar gyaransu ba?

Idan Burkina ta yi nisa, ga Dandaji a jihar Tawa ta Nijar, ƙauyen Hausawa 'yan'uwanmu. A 2018 Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka kammala sabon masallaci mai ɗaukar kimanin mutum dubu da bulon jar ƙasa matsattse, tsohon masallacin kuma suka gyara shi ya zama ɗakin karatu. Maginan yankin ne suka yi aikin. A Yamai ma an yi rukunin gidaje masu bene da irin wannan bulon. Kafin su, a jihar Tawa dai, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin Yama da ƙasa a 1962, ginin da ya kai shi ga kyautar Aga Khan a 1986. Mu kuwa da muke da Babban Gwani, wanda ya ɗaure bakan gizo da azara a masallacin Juma'a na Zariya tun shekarun 1830, mu da muke da sarautar Sarkin Magina a fadojinmu, mun mai da ginin ƙasa abin gori. Muna kai baƙi Gidan Makama su ɗauki hoto, su yaba sanyin ɗakunan, mu dawo ofis mu rubuta kwangilar gilashi.

Kuma ba wai gwamnati ba ta da injin ba ne. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, tana nan tun 1978, ta ƙera injin matse bulon jar ƙasa, tana baje shi a kasuwannin baje koli. Gwamnati ta biya kuɗin bincike, bincike ya yi nasara, sannan gwamnatin ta ƙi sayen abin da ta biya aka gano. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Na san abin da za a jefe ni da shi. Za a ce gidajen ƙasa ne ke rushewa duk damina a Jigawa da Yobe da Bauchi, suna danne mutane. Gaskiya ne, kuma ba abin wasa ba ne. Amma ka je ka duba waɗanda suka faɗi. Babu harsashin dutse ko kankare, ruwa ya kwanta a gindin bango ya jiƙa shi, rufi ya yi yoyo, an shekara biyar ba a yi yaɓe ba saboda babu hali, wasu ma a hanyar ruwa aka gina su. Babu mai cewa gwamnati ta koma dunƙula tubali da hannu, ko ta shiga sare 'yar giginyar da ta rage don azara. Maganar ita ce harsashi na kankare da ya ɗago sama da ƙasa, ginshiƙai inda ake buƙata, bulon jar ƙasa da aka auna aka gwada, da rufin da ya zarto ya kare shi. Inda ƙasar wurin ba ta dace ba, ko wurin fadama ne, a yi da bulon siminti, amma a yi silin da baranda da tagogi masu fuskantar juna. Sannan wa ya ce siminti ba ya kisa? Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Nuwamban 2021 ya kashe fiye da mutum 40, ba da ƙasa aka gina shi ba. Makarantar da ta danne ɗalibai a Jos a watan Yulin 2024, mutum 22 suka rasu, ita ma ba ta ƙasa ba ce. Ha'inci ke rusa gini.

Za a kuma ce wannan irin gini ya fi tsada. Wani ɓangarensa, ƙwarai kuwa. Silin kuɗi ne, baranda kuɗi ce, kwano mai kauri ya fi siriri tsada, horar da magina su saba da sabon bulo yana cin lokaci, aikin farko kuma zai yi tafiyar hawainiya. Idan kasafin da ake yin azuzuwa goma da shi zai yi tara masu kyau, ni na zaɓi taran, domin goman nan bayan shekara huɗu za a dawo a ba da kwangilar gyaransu, a sake fenti, a sake allon suna, a sake ƙirga su a matsayin sabon aiki. Kuma wace araha ce a siminti yanzu? A farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, sai da ministan ayyuka ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka yi yarjejeniyar naira 7,000 zuwa 8,000, wadda kasuwa ba ta daɗe tana girmamawa ba. Duk buhun da ka rage a bango kuɗi ne ya tsira. Yin siminti shi kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya, mu kuma da hamada ke cin gonakinmu mu ne na gaba wajen shan wahalar. A taron Glasgow na 2021 Najeriya ta yi alƙawarin kawo ƙarshen ƙarin hayaƙinta nan da 2060. An dawo gida an ci gaba da kwafar tsohon fayil.

Masu kukan tsada ina suke lokacin da aka ba da kwangilar gidan mataimakin shugaban ƙasa a 2010 a kan naira biliyan 7, aka watsar, aka zo aka kammala shi a 2024 a kan biliyan 21? Ina suke da kwamitin Ibrahim Bunu ya ƙirga ayyukan tarayya 11,886 da ba a kammala ba a 2011? Hedikwatar ɗakin karatu na ƙasa a Abuja, tun 2006 aka ba da kwangilarta, yaron da aka haifa a shekarar ya isa jefa ƙuri'a ginin bai buɗe ba. Akwai kuɗin wannan duka. Silin ɗin ɗan talaka ne kawai yake da tsada.

Dokoki kuwa har sun yi mana yawa. A 2017 ma'aikatar wuta da ayyuka da gidaje, ƙarƙashin Babatunde Fashola, ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda ta taƙaita yawan gilashi a bango, ta nemi a yi wa taga inuwa, a kuma sa abin tare zafi a rufi. A shekarar aka sa hannu a umarnin shugaban ƙasa na fifita kayan gida a sayayyar gwamnati, a 2018 aka ƙara da wani na fifita ƙwararrun gida. To wane kaya ne ya fi ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarka zama na gida? Majalisar ƙoli mai sa ido a kan kwangila, wadda dokar 2007 ta ce a kafa, an shafe fiye da shekara goma ba a kafa ta ba, ministocin da ke neman a amince da kwangilolinsu su ne ke zama su amince wa juna. Takarda dai ba ta taɓa hana kwano zafi ba.

Ƙwararrunmu ma ba zan wanke su ba. Mai zanen ginin da ya yi shekara shida a Zariya yana karanta tafiyar rana da iska, ya fito ya zana akwatin gilashi don kwamishina ya ce yana son irin na Dubai, ya ci amanar karatunsa. Mu kanmu muna da laifi. Idan ɗan majalisa ya kawo mana aji na jar ƙasa, mu ne za mu fara cewa ya raina mu, ya kai wa wasu siminti ya kawo mana laka. 'Yan siyasa sun san wannan, shi ya sa suke sayar mana da fenti.

Abin da nake nema bai kai a kafa kwamiti ba. Duk takardar neman kwangilar gini ta zo da lissafi biyu, kuɗin ginawa da kuɗin riƙe ginin na shekara ashirin, a haɗa su sannan a ga wa ya fi araha. A rubuta silin da baranda da kaurin kwano da fuskar gini da dashen itatuwa a cikin sharuɗɗa, yadda ba mai cin gasa ta hanyar cire su. A tsawaita lokacin da ɗan kwangila ke ɗauke da alhakin aibi ya haɗa damina biyu, idan rufi ya tashi shi zai mayar daga aljihunsa. A liƙa takardar ƙididdigar kaya a jikin allon aiki da Hausa, kowa ya karanta buhu nawa aka biya. Kowace jiha kuma ta ware wani kaso na azuzuwa da ƙananan asibitocin da za ta gina bana a yi su da bulon jar ƙasa, a sa ma'aunin zafi a cikinsu da cikin na bulo a watan Afrilu, a buga sakamakon a jarida. Idan na yi ƙarya ma'aunin zai tona ni.

Ku kuma iyaye da kwamitocin kula da makarantu da masu unguwanni, ku daina jiran ranar yanka kintinkiri. Ku je tun ana haƙa harsashi, ku tambayi ina ginin zai fuskanta, ku ɗauki bulo ɗaya ku sake shi daga tsayin ƙirji ku gani ko zai tsira, ku hana a sare bishiyar da aka tarar. Ranar da aka zo miƙa aji, ku ɗaga kai. Idan kwano kuka gani tsirara, kada ku karɓi makullin.